Allurar Yaya a cikin ƙanƙara

Yayata tela ce. Shekara ashirin da biyu tana taka keken ɗinki, da shi ta yi mana makaranta mu ƙannenta uku. Zama ya tara mata jiki, jikin ya cinye mata gwiwa, har ta kai sai ta dafa bango take miƙewa. Likita ya sa mata ranar aikin gwiwa, amma da sharaɗi: ta rage kilo goma sha biyu cikin wata huɗu, in ba haka ba a ba wani gurbinta. Ya rubuta mata allurar rage ƙiba, sau ɗaya a mako. Mai kemis ya ja mata kunne: a firji, kantar tsakiya, kuma kar ta kuskura ta bari ta daskare. In ta yi ƙanƙara sau ɗaya ta tashi aiki, ko da ta narke.

Yaya kuwa ba ta wasa da doka. Ta ɗinka wa allurar 'yar jaka, ta sa a roba mai murfi, ta ajiye kusa da ƙwai. Sai Talata da safe take buɗe robar.

Watan farko kilo huɗu ya tafi. Daga nan sikeli ya tsaya cak, yunwa ta dawo tana nuƙurƙusar ta. Sai bakin mutane ya buɗe. Likita da kansa ya ce mata, "Baiwar Allah, ki faɗa min gaskiya, me kike ci a ɓoye?" Matar da ke kallon abinci tana haɗiyar yawu! Wanda ya fi kowa zaƙewa shi ne mijinta, wanda muke kira Injiniya tun da ya kwance musu fanka, har yau ba ta sake juyawa ba. A gaban baƙi yake cewa, "Ai ciki ba ya jin magana."

Ranar wata Litinin na je karɓar ɗinkina, na buɗe saman firji neman ƙanƙara. Me zan gani? 'Yar jakar Yaya a tsakanin kifi, ta sandare kamar dutse. Na ƙwala mata kira, ta taho da ƙyar.

Injiniya ko a jikinsa. Ya ce, "Ni na sa. Magani mai daraja irin wannan za a bari tare da tumatir? Tunda sanyi yake so, ai gara ya sha sosai. Kowace Talata da sassafe nake mayar mata cikin robar, ta narke kafin ta tashi."

Na ce, "Tun yaushe?"

"Kusan wata uku. Taimako fa nake yi."

Wallahi na ji kamar in shaƙe shi. Taimako! Wa ya aike ka? Takardar maganin tana nan manne a ƙofar firjin, kullum sai ya wuce ta.

Saura kwana tara a auna ta. Aka auna, ba ta kai ba. Likita ya ba ta haƙuri da ya ji labarin, amma gurbi ya riga ya tafi, sai baɗi. A hanyar dawowa ina ta zazzaga masifa cikin mota, ita kuwa tana ta murza gwiwa. Can ta ce, "Ƙanwata, bari. Ni abin da ya fi ci min rai, har na fara yarda da su. Ruwa ma in na sha, sai in ji kamar na yi sata."