Gashin Farin Zakara na Baba Yunusa

Akwai wata Laraba a watan Sha'aban da har yau ba ta fita daga raina ba. Shekara uku ke nan. Na ga ya kamata in rubuta muku labarinta, ku da kuka shigo dukan ɗin nan, wato shagonmu, daga baya, domin kun sha tambayata abin da ya sa nake tsare mai saye da tambayoyi kafin in yi masa odar kaya ta waya.

Ga wanda bai san aikinmu ba, kayan ɗinki muke sayarwa a unguwar Mansur da ke Makka: zare, allura, maɓalli, leshi, zaren ado mai ƙyalli. Mai dukan shi ne Abu Majid. Ni nake bi masa, ni ne mai kula da kanta da kawo kaya, yau shekara goma sha tara. Ƙa'idarmu ita ce, in mutum ya nemi abin da ba mu da shi, sai a karɓi samfuri, a tambaye shi abin da zai yi da shi da lokacin da yake so. Daga nan a duba wajen maƙwabta, sannan wajen 'yan sari na Jidda. Intanet ita ce ta ƙarshe, in ko'ina ya gagara. Sha'aban kuwa shi ne watan da ya fi gajiyar da mu, saboda teloli duk suna tara kayan ɗinkin salla kafin azumi ya kama.

Baba Yunusa abokin mahaifina ne. Ya yi shekara da shekaru yana tuƙa bas a Kudai har ya yi ritaya. Shi ya riƙo hannuna ya kawo ni wajen Abu Majid bayan rasuwar mahaifina, kuma bai taɓa kirana da sunana ba, sai ɗan Isa. A Makka aka haife shi, garin da ba shi da kogi, amma zuciyarsa tana teku. Duk wata sai ya tafi bakin ruwa a Shu'aiba ya shiga kwalekwalen wani abokinsa.

Ba ya sa nama ko kifi a ƙugiya. Abin da masunta na can ke kira risha yake amfani da shi, kuma shi yake ɗaurawa da kansa. Zai ɗauki ƙugiya, ya zaɓi gashin wuyan farin zakara guda huɗu ko biyar, ya bi da kowanne ta tsakanin leɓunansa don ya kwanta, ya ɗaure gindinsu da jan zare, ya ja ƙullin da haƙori, sannan ya naɗa zaren azurfa. In aka ja ta a ruwa sai ta yi kama da ƙaramin kifi mai gudu, babba ya biyo ya haɗiye. A kan kantar nan ya sha zama ya ɗaura ina kallo. Zaren a wajenmu yake saye. Gashi kuwa da can ba a sayensa, kowace unguwa akwai mai yanka kaji. Tun da aka daina yanka a cikin unguwa, kaji suka koma zuwa a daskare cikin leda, sai ya dogara da wani mai kiwo a bayan gari. Shi ma a shekarar ya tattara ya koma ƙasarsu.

Ranar ya shigo bayan la'asar, dukan a cike. Na lura ya tsaya a bakin ƙofa ya huta kafin ya ƙaraso.

Ya ce, "Ɗan Isa, har yanzu kana nan kana auna zare kamar gizo-gizo?"

Na ce, "Ina nan, Baba. Jan zare ne da na azurfa?"

"Su ne. Amma yau gashi nake nema. Fari, na wuyan zakara."

Wani tela da ke jiran leshi ya yi dariya ya ce, "Ya Ammi," wato Baffa da Larabci, "ga tattabaru sun cika titi, sai ka zo shagon zare neman gashi?"

Baba Yunusa ya dube shi ya ce, "Waɗannan baƙin Allah ne, ya waladi, yarona. Shekara talatin ina taka musu birki, yanzu da na tsufa zan fige su? Kai dai je ka fige masu kawo maka ɗinki."

Aka yi dariya. Sai ya matso kusa da ni ya rage murya. Ya ce likita ya sa masa rana, Asabar ta sama za a kwantar da shi a yi masa aikin zuciya. Ya ce, "Ina so in ga ruwa kafin su buɗe ni. In gashi ya samu gobe, jibi ina cikin kwalekwale."

Kwana goma ke nan tsakani. Na ji maganar, amma mutum shida ne a tsaye suna miƙo mini samfuri. Na ce masa ko ya sayi irin na roba da ake sayarwa a shagunan kayan kamun kifi na Jidda. Ya ce bai taɓa jefa abin da ba shi ya ɗaura ba, kuma ba yanzu zai fara ba. Sai na ɗauko waya. A minti biyu na samu wani shago na ƙasar waje da ke sayar da kayan ɗaurin ƙugiya. Hoton ya nuna gashi farare, dogaye, a jere gwanin kyau. Na nuna masa, ya ce madalla. An rubuta zai iso cikin kwana uku zuwa shida. Na danna, na ce, "Khalas, Baba, an gama." Ban karanta bayanin da ke ƙasan hoton ba. Ban tambayi kowa ba. Na tsallake duk matakan da na lissafa muku, na fara da na ƙarshe, don shi ne ba ya bukatar in tashi daga kujera.

Juma'ar da ya so tafiya ta wuce. Kullum sai ya bugo bayan azahar ya ce, "Zakaranka ya hau jirgi kuwa?" In ce masa yana hanya.

Ranar Talata kunshin ya iso, na kira shi ya zo. Da na buɗe sai na ga ashe gashin ba a fige yake ba. Fatar wuyan zakara ce ɗungurungum, an busar da ita, gashin yana jikinta. Daga baya na gane haka ake sayar da shi a can. Baba Yunusa ya juya ta da bakin biro, bai taɓa da hannu ba.

Ya ce, "Wa ya yanka shi?"

Na ce ban sani ba.

"A ina?"

Na duba takardar, ba a rubuta ba. Na ce, "Baba, ai na ji malamai sun ce in aka yanke gashi da almakashi ba komai."

Ya ce, "Malamai sun yi gaskiya. Amma risha da gindin gashi ake ɗaure ta, kuma ka san ta inda nake bi da shi." Ya nuna bakinsa. "Mutumin da za a kwantar ranar Asabar ba zai sa abin da bai san asalinsa ba a baki. Kada ka damu, ɗan Isa. Ka yi ƙoƙari."

Bai yi faɗa ba. Ya ɗauki zarensa ya fita a hankali. Da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

Abu Majid yana bayan kanta yana jin mu. Ya ce, "Ka tambaye shi yadda yake aiki da shi?"

Na ce, "Na sani ai. Na sha gani."

Ya ce, "To wannan ya fi muni." Sannan ya ce, "Garin Jumum tafiyar minti arba'in ce daga nan. Gonaki ne ko'ina. Gobe kada ka zo da safe."

Washegari bayan asuba na kama hanya. Gona ta biyu da na tsaya na samu farin zakara. Na yanka da hannuna, na fige gashin wuyan a bushe, na bar wa mai gadin gonar naman. Kafin ƙarfe tara na dawo gida. Na wanke gashin da sabulu, na shanya a soro, na rufe da rariya don kada iska ta kwashe. Duk aikin bai kai awa huɗu ba. Ina tsaye a soron na lissafa cewa da na yi haka tun Alhamis ɗin farko, da ya je ruwa ya dawo, har ya sake komawa in ya so.

Ranar Alhamis da safe na kai gidansa a Rusaifa. Na yi niyyar in kai shi Shu'aiba da motata ranar Juma'a, har na faɗa wa Abu Majid. Matarsa ce ta amsa sallama daga bayan ƙofa. Ta ce ciwon ya tashi jiya da yamma, an wuce da shi asibiti, kuma likitoci sun ce ba za su sake shi ba sai bayan aiki.

Na same shi a kwance da robar iska a hanci. Na miƙa masa ambulan ɗin. Ya zazzage gashin a kan bargo, ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana dubawa a hasken taga.

Ya ce, "Kai ka yanka?"

"Ni na yanka, Baba."

"An cuce ka. Zakaran nan yaro ne, dubi gajartarsu." Ya ware guda biyar gefe. "Amma waɗannan za su yi."

Ya bi da ɗaya ta leɓunansa, ya duba yadda ya kwanta, ya gyaɗa kai. Ya tambaya ko na zo da ƙugiya. Na ce ba za su bari a shigo da ita ba. Ya ce haka ne, a bari sai ya fito. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya ce, "Teku ba ta gudu." Daga nan ya koma tambayata ko teloli sun fara zagin juna a kan layi.

An yi aikin ranar Lahadi. Bai farfaɗo sosai ba. Ya rasu ranar Talata, aka yi masa salla a Harami bayan la'asar. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ba na cewa jinkirina ne ya kashe shi. Kwana ya ƙare. Amma abu ɗaya ya nema a wajena cikin shekara goma sha shida, yana da lokaci, ni ma ina da hanya, na ɓata masa kwana shida yana jiran jirgi.

Ban hana ku yin oda ta waya ba. Ni ma ina yi kusan kowane mako, kuma akwai zaren da ba za ku samu a duk Jidda ba sai a can. Abin da na koya shi ne, hoto yana nuna launi da tsawo ne kawai. Ba ya sanin hannun da zai riƙe kayan, ko bakin da zai taɓa shi, ko kwana nawa suka rage wa mai jira. Wannan aikin mai kanta ne, kuma saboda shi mutane suke barin wayarsu a aljihu su tako zuwa wajenmu. Mutanenmu kuma ba sa faɗin duk abin da ke ransu. Dattijo zai faɗi magana sau ɗaya, a hankali, cikin wasa, in ba ka ɗauka ba ba zai maimaita ba.

Saboda haka in mutum ya ce muku yana so kafin rana kaza, ku ajiye abin da ke hannunku ku tambaye shi me zai faru a ranar. Masu leshi za su iya jira.