Sai-na-gani da Ƙwaron Gidan Burodi

Sunansa na gaskiya yana jikin katin shaidarsa, can ma ya fara koɗewa. Duk unguwa da Sai-na-gani aka san shi, har matarsa in ranta ya ɓaci haka take kiransa. Sana'arsa feshin maganin ƙwari. Shekara talatin da ɗaya yana goye da tanki a baya, kuma ba ya danna famfon feshi sai ya kama ƙwaron da ake ƙara, ya jefa shi a kwalba, ya duba shi da gilashin ƙara girma, ya faɗi sunansa da inda yake kwana da inda yake zuba ƙwai. Ka zo masa da kukan sauro ya hana ka barci, ko da fuskarka ta kumbura suntum, amsarsa ɗaya ce: sai na gani.

Dokar tana da asali. Yana saurayi aka kira shi wani gida, aka ce rina ta addabe su. Ya fesa ba tambaya. Washegari maƙwabcin gidan ya kawo kwano cike da gawar ƙudan zumansa, ya ajiye masa a ƙofa, ya juya ya tafi. Tun ranar ya ɗaure kansa da wannan doka, kuma ba a haifi wanda zai kwance shi ba.

Matarsa ta daɗe da haƙura. Kantar da ta saya don jera kwanuka ta koma maƙabartar ƙwari: sauro iri bakwai, koren ƙuda, zanzaro, asun da ke cin kaya, kowanne a kwalbarsa da takarda manne. Baƙo in ya zo ba a ba shi ruwa sai an gabatar masa da su. Kuma abin da ke ba mutane haushi, rabin gidajen da yake shiga ba ya ma fesa komai. Sai ya zagaya bayan gida, ya kifar da tsohuwar taya mai ruwa, ya ce a rufe kwandon shara, a ɗinke ragar taga, ya yi sallama. Mutane kuwa warin magani suke so su ji, ko da zai sa su tari kwana uku. Amma da yake ƙwarin suna tafiya, sai a yi ta zaginsa ana kiransa. Idonsa ne jarinsa, shi ma ya sani, yana kuma alfahari da shi fiye da kima.

Wata Litinin mai gidan burodin bakin titi ya aiko a kira shi, domin wata mata ta yanka burodi ta tarar da ƙuda ya yi kwance-kwance a tsakiya. Kafin azahar Sai-na-gani ya gama shari'ar. Ƙananan ƙudaje ne masu gashi, gidansu kwatar da ke ƙarƙashin wurin wanke gwangwanaye. Ya kama uku, ya sa aka kankare kwatar aka kwara mata tafasasshen ruwa. Har ya rataya tankinsa zai fita, sai ya ɗaga kai ya kalli farin bangon ɗakin kwaɓi.

Wani abu baƙi yana shawagi a wurin. Ba shi da ƙara, ba shi da gaggawa, yana jan wata 'yar jela siririya kamar zare. Ya kai masa ragar kamun ƙwari, abin ya goce. Ya juya dama, ya riga shi zuwa dama. Ya tsaya cak, shi ma ya tsaya, sannan ya fara gangarowa a hankali kamar mai raina mutane. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa ganin irinsa ba, kuma maimakon tsoro, daɗi ne ya kama shi.

Ya ce a kashe tanda. Mai gidan burodi ya tambaya ko ba za a ɗan fesa kawai a huta ba, kallo ɗaya Sai-na-gani ya yi masa, ya haɗiye sauran maganar. Aka fitar da buhunan fulawa, aka jera gwangwanaye ɗari biyu a tsakar fili, aka janye injin kwaɓi daga jikin bango. Ma'aikata takwas suka tsaya suna kallon dattijo yana dukan iska da raga. Can ya nuna saman ƙofa ya tambayi babban mai kwaɓi ko ya gani.

Mai kwaɓi bai ga komai ba. To amma wa zai ce bai ga abin da Sai-na-gani ya gani ba, a gaban maigidansa, a ce masa makaho? Ya ƙanƙance ido ya ce ai kuwa ga shi can, har ya wuce.

Shi ke nan, an buɗe ƙofa. Zuwa Talata kowa ya gan shi. Direban motar rabo ya ce jelarsa biyu ce. Mai yanka burodi ya ce da ya matso kusa ya ji yana wani irin gurnani. Babban mai kwaɓi, da yake shi ya fara gani, ya ga bai kamata a wuce shi ba, sai ya naɗe hannun riga ya nuna wani tsohon ƙurji ya ce nan ya cije shi. Aka yi ta tafi a iska, ana dukan bango da silifa. Wani tela maƙwabcinsu ya rufe shago ya shigo taya farauta, ya koma yana cewa ya ga biyu a cikin yadinsa. Mai gidan burodi da kansa, mutum mai sanƙo da nutsuwa, an gan shi a kan tebur da murfin tukunya yana kai sura.

Abin da ya fara damun Sai-na-gani shi ne ƙwaron ya biyo shi gida. Ya gan shi a jikin labule, ya gan shi a cikin kofin madara. Ya sa matarsa ta kwashe kayan ɗaki zuwa waje, ya zazzage aljihunsa, ya wanke hularsa. Ita dai ta ce ba ta ga komai ba, ya ce dama yaushe ta taɓa ganin wani abu. Sai ta ɗauki waya ta kira babbar 'yarsu.

'Yar ta iso ranar Laraba da safe, ta tarar da uban a tsakar gida yana bin sama da raga, katifu a jingine da katanga. Ta zuba masa ido na ɗan lokaci.

"Baba, rufe idon hagu."

Ya rufe don ya rabu da ita. Ƙwaron ya ɓace. Ya buɗe, ya dawo. Ya rufe na dama, yana nan daram. Sau biyar yana gwadawa, a na shida ya nemi wuri ya zauna a kan bokiti.

Likitan ido bai ɗauki minti ashirin ba. Ya haska, ya leƙa, ya ce ba ƙwaro ba ne, ɗan ɗigo ne da ke yawo a cikin ruwan idon, shekaru ke kawo shi, ga yawancin mutane ba ya cutarwa, a dai riƙa zuwa ana dubawa. Sai-na-gani ya tambaya ko akwai abin da ake fesa masa. Likita ya yi dariya, ya ga dattijon ba wasa yake ba, sai ya daina.

A hanyar gida 'yar ta ba shi shawara mai sauƙi. Ya je gidan burodin ya fesa musu ko ruwa ne, ya ce an gama, kowa ya huta, ba mai sanin komai. Matarsa ma ta goyi baya, ta ce in labari ya fita cewa idonsa ya fara yi masa ƙarya, ko kyankyaso ba za a sake kiransa ya kashe ba. Ya san gaskiya suka faɗa. Ya ji tsoro ƙwarai, irin tsoron da bai taɓa ji ba ko a gaban gidan rina, kuma ranar ko abinci bai iya ci ba.

Ranar Alhamis ya goya tankinsa cike da magani ya tafi. Gidan burodi kwana uku ba hayaƙi. Ya tarar da ma'aikatan a jere, wasu sun ɗaure fuska da tsumma, tela ya zo da gidan sauro ya lulluɓa. Ya tsaya a tsakiyarsu ya faɗi abin da likita ya ce, bai rage ba bai ƙara ba. Ya ce kuskuren nasa ne, ƙwaro dai babu shi, a kunna tanda.

Ba wanda ya nufi tanda. Sannan babban mai kwaɓi ya naɗe hannun riga ya tambaya, to wa ya cije shi? Direba ya ce shi da idonsa ya ƙirga jela biyu, kuma shi ba ya shan komai. Tela ya ce in babu shi, me ya huda masa yadi? Suka fara kallon juna, suna kallonsa da tausayi, irin kallon da ake yi wa tsohon da ya saka riga a baibai.

Mai gidan burodi ya ja shi gefe, ya yi ƙasa da murya don kada ya kunyata shi. Ya ce tsufa ba laifi ba ne, ido in ya gaji ya gaji. Ya ce akwai wani mai feshi a bayan tasha da ba ya tambaya, an riga an yi masa magana, amma shi ya fi son tsohon hannu. Sannan ya miƙa yatsa ya nuna farin bangon ɗakin kwaɓi.

"Malam, daure ka sake dubawa. Mu tara muna ganinsa. Ka ce ka gani, ka fesa, magana ta mutu a nan."

Sai-na-gani ya duba. Ga shi kuwa, baƙi wuluk, daidai kan yatsan mai gidan burodi, yana jan jelarsa a hankali. Bai taɓa ganinsa sarai kamar yau ba. Famfon feshi yana hannunsa, babban yatsansa a kai.

"Babu komai a wurin," ya ce.

Mai gidan burodi ya sauke hannu, ya girgiza kai, ya ce wa direba ya je bayan tasha ya ɗauko mutumin. Ma'aikata suka dare suka ba shi hanya, ɗaya har ya kama masa hannu a bakin ƙofa don kada ya yi tuntuɓe da dakali. Ya bari aka kama. Ya fita titi da tankinsa cike kamar yadda ya zo da shi, madaurin yana cin kafaɗarsa.