Gaiwar da Ta Tsaya wa Kawu Shaida

Shekarar da ofishin gandun daji ya tura mu zana taswirar rafukan Karaye da Rogo, ni da abokin aikina, wani ɗan birni, mun sha yawo a kan babur ɗaya tun daga Yola ta Karaye har Rogo Sabon Gari. Ƙa'idar ba wuya. Rafin da muka ɗauki hoton kifi a cikinsa, mu ja masa shuɗin layi, ba mai taɓa itacen bakinsa. Wanda babu, jan layi, masu gawayi su nemi izinin sara. Sai dai da rani aka tura mu, wai lokacin ne hanya ke biyuwa. Neman kifi a cikin yashi!

Abin bai dame ni ba sai da muka isa ƙauyen mahaifiyata a Fulatan, inda kawuna ne mai unguwa. Gonarsa ta gyaɗa a bakin rafi take, kuma saiwoyin kanya da marken da suka jeru a gaɓar ne suka hana ruwa cinye ta. Na san masu gawayi sun daɗe suna lasar baki a kan itatuwan nan.

Bayan doguwar gaisuwa a zaure, abokina ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai kifi a rafin nan?"

"Kifi?" in ji Kawu. "Ko kwaɗo sai an yi sa'a."

Dattawa suka gyaɗa kai gaba ɗaya. Mutanenmu ke nan. Tun zamanin jangali, in ma'aikacin gwamnati ya tambayi abin da kake da shi, amsar ita ce babu. Sun ɗauka su, wato kamun kifin da suke yi bayan damina, muka zo hanawa. Raina ya ɓaci, don a rafin nan na koyi jefa fatsa, kuma Kawun ne ya koya min.

Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, ga kan tarwaɗa zaune a tsakiyar kwano. Abokina ya ɗago ido.

"Daga kasuwar Karaye," in ji Kawu, ba tare da an tambaye shi ba.

Maganata kaɗai ba ta isa a ja shuɗin layi ba, kuma ba ni da fuskar da zan ƙaryata ƙanin uwata a gaban jama'arsa. Na jira aka idar da azahar, na bi bayansa har muka ɗan keɓe.

"Kawu, in muka rubuta babu, kanyarku ta zama gawayi kafin ruwa ya sauka. Gonar kuma rafi ya gaje ta."

Ya tsaya cak. "Ba su za ku hana ba?"

"Ba ruwanmu da su. Itace muke karewa, kifin ne hujjarmu."

"Ɗan nan, me ya hana ka faɗa tun da safe?"

"Kun bar ni na buɗe baki?"

Kawu ya juya. Ya shiga gida ya fito da fartanya, ya nufi rafi da babbar rigarsa, dattawa na biye. A gindin kanya, inda taɓo ya bushe ya tsattsage, ya duƙa ya nemo wata 'yar ƙofa kamar ta gidan tururuwa. Ya yi ta haƙa har ya ciro ƙaton curi, ya fasa shi a hankali. Sai ga gaiwa a naɗe, kifin nan da ke shigewa laka ya yi barci har damina ta dawo. Ta motsa wutsiya.

Kawu ya riƙe baki. "Ikon Allah! Ashe akwai."

"Ikon Allah," in ji dattawa, ba wanda ya ko murmusa. Ban taɓa jin ƙaunarsu irin ta ranar ba.

Abokina ya ɗauki hoto, ni kuma na ja shuɗin layi da hannuna. Daga ranar ban ƙara tambayar kifi a wani ƙauye ba sai na fara yin bayanin itace, kuma da fartanya a ɗaure a bayan babur.

Wani dattijo ya miƙa hannu zai ɗauki gaiwar, ya ce a kai wa mata. Kawu ya buge hannun, ya sa aka kawo kwatarniya da ruwa, ya ce a nan za ta zauna har rafi ya kawo.

"Wannan ba ta miya ba ce," ya ce. "Ni na ce babu ita, ita kuwa ta tsaya wa gonata."