Goron Kawu a Ƙofar Gidan Tururi

Mun tashi da asuba daga Landover, ni da kawuna, sanyi kamar zai tsaga ƙashi. Likita ya ce huhunsa ya gama aiki, shi kuma ya ce gara ƙasar Damagaram ta ci shi. Jirginsa ranar Lahadi. Ya zaga masallaci da gidajen 'yan uwa ya yi bankwana, ya nemi gafara. Saura wuri ɗaya, gidan tururin da ya ba ƙuruciyarsa a Washington. Ya ƙunso goro a jiƙaƙƙen tsumma, wai na abokan aiki. Na ce masa Kawu, an rufe wurin nan tun ban fara tuƙin haya ba. Ya ce ko kasuwa ta tashi ba a rasa mai shara.

Hanya lafiya lau, sai da muka shiga gari cunkoso ya riƙe mu. Na sayi shayi a wani shago, ruwan zafi da ganye ɗaya, kuɗinsa ya isa tuwo da miya har da nama a gida. Kuɗin ajiye mota kuwa sai ka ce filin zan saya.

A mota ya ba ni tarihin, yana yi yana tari. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma na gane. Da, wuta ɗaya ake hurawa a dafa ruwa a manyan tukwane, tururin ya bi bututu ta ƙarƙashin titi ya ɗumama ofisoshin gwamnati. Da kwal aka fara, daga baya aka koma gas. Manya na can sama sun cire kwat suna sa hannu a takarda, Kawu na ƙasa yana kankare tukunya. Ya ce akwai wani bututu a lungu mai ɗigar ruwan ɗumi, da shi yake alwala duk hunturu.

Muka iso. Gini ne ƙato kusa da ruwa, ya fi kowane masallacin Juma'a da na sani tsawo. Tagogi sun farfashe, tsatsa ta cinye ƙofa, ciyawa ta fito ta cikin bulo, tantabaru ne masu gida. An kewaye shi da waya, an kafa allo da hoton gidajen masu kuɗi da za a gina, har da wata mata tana jan kare.

Mai gadi ya fito. Kawu ya yi masa sallama irin ta mutunci, ya jero sunayen mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Mutumin ya girgiza kai, ya ce mu matsa daga jikin waya. Kawu ya miƙa masa goro, ya ja baya kamar an nuna masa kunama. Na so in zage shi, Kawu ya riƙe mini hannu.

“Bar shi, ɗan nan. Shi ma ranarsa na tafe.”

A hanyar komawa mota muka ga wani mutum kwance cikin bargo a kan ragar ƙarfe da ke gefen titi, inda ɗumin bututu ke fitowa a da. Kawu ya durƙusa da ƙyar ya ɗora tafinsa a ragar. Sanyi ƙalau.

“Da muna nan, bawan Allah, da ba ka kwana haka ba. Ka yafe mana.”

Da Hausa ya faɗa. Ya ajiye masa goron duka. Mutumin bai san abin da aka ba shi ba, amma ya karɓa da hannu biyu.

Mun dawo Landover bayan azahar. Abin da na koyo kaɗan ne. Ƙasar nan tana gama ɗumi da kai ta sa kwaɗo. Ranar Lahadi ni na kai shi filin jirgi, kuma tun daga ranar na daina cewa sai baɗi zan koma gida.