Takardar Da Ta Yi Sati Uku A Durowata

Cikin duk shekarun da na yi a aikin dillancin hannun jari, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Litinin a farkon watan Maris na 2008, ranar da Baba Fidelis ya hawo benenmu ya ce a sayar masa da komai.

A lokacin ina ƙaramin jami'in kula da abokan ciniki a reshen wani kamfanin dillanci da ke unguwar PZ a Zariya, a saman wani shagon kayan lantarki. Shugabar reshen ita ce Madam Bose, haifaffiyar Sabon Gari, wadda Hausa ta zauna a bakinta fiye da wasunmu. Ga wanda bai san aikin ba, mu a reshe ba ma saye ba ma sayarwa da kanmu. Mutum zai zo ya cike takardar umarni ya sa hannu. Ni in gwada sa hannun da wanda ke cikin fayil ɗinsa, in buga hatimi mai kwanan wata, in rubuta lokaci da biro, in shigar a rajista. Daga nan Madam ta sa hannu, a tura wa hedkwata a Legas ta na'urar fakis. Dillalanmu na can su ne ke shiga kasuwa. In an sayar, cek yakan iso cikin kwana goma zuwa sati biyu. Ƙa'idar da aka fara koya mini ranar da na kama aiki ita ce takardar umarni ba ta kwana a reshe.

Shekara biyu kafin nan kowa a Zariya ya zama mai hannun jari. Malaman jami'a daga Samaru, masu atamfa na kasuwar Sabon Gari, direbobin tasha, har ɗalibai masu haya a Bomo suna kawo abin da aka aiko musu daga gida. Duk lokacin da wani banki ya fitar da sabon tayin hannun jari, layi yakan kai ƙasan matakala. Ni ma kuɗin da nake tarawa don sayen fili na kwashe na zuba. Ina barin Samaru kafin bakwai na safe, Asabar ma ina ofis ina cike fom. Ɗiyata ta fara tafiya ranar wata Laraba, sai Lahadi na gani da idona.

Baba Fidelis mai gyaran rediyo da talabijin ne, gidansa a Muchia, shekarunsa sun haura sittin. Tun kafin wannan ruguntsumi yake sayen hannun jari kaɗan-kaɗan, shi ya sa 'yan kasuwa da dama ba sa sayen komai sai sun ji ta bakinsa. Duk wanda ya san shagonsa ya san shi da abu biyu, ƙwallon ƙafa da kiɗan rok, irin mai jitar nan da ke tsawa. Da yana saurayi shi ma ya kaɗa jita a wata ƙungiya da ke wasa a otal-otal na Sabon Gari.

Ya zauna a gabana ya cike takardar da kansa. Da na karanta sai na ɗago kai.

"Duka, Baba?"

"Duka, ɗana. Ko guda kar ka bar mini."

"Amma kasuwa tana sama. Jiya ma..."

"Na sani, ai ina sayen jarida. Shi ne ma ciwon." Ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur. "Shekaranjiya ina gidan kallo, 'yan wasana suna bugawa, saura minti biyar ana kunnen doki. Ni kuwa kaina na cikin shafin farashi, ina ninka wannan da wancan. Sai na ji ɗaki ya tashi, benci ya faɗi, wani ya rungume ni. An ci. Shekara arba'in ina bin ƙungiyar nan, aka ci ƙwallo a gabana ban gani ba. Na koma gida na saka kaset na ƙure murya. Ka san abin da ya sa nake son kiɗan nan? In ya tashi, yana kore duk surutun da ke cikin kai. Sai ga ni a tsakiyar kiɗa ina lissafi. Na ce Fidelis, kuɗin nan ya fara cin ka."

Na tambaye shi me zai yi da kuɗin, tambayar da ba mu cika yi ba a wancan lokaci. Ya ce rufin gidansa tun na mahaifinsa ne, kwanon duk tsatsa ta cinye, zai sauya kafin ruwa ya sauka. Abin da ya rage zai ajiye rabi, rabi kuma ya ci ya sha ya kalli ƙwallonsa da ido biyu.

Na buga hatimi, na rubuta ƙarfe goma da minti ashirin, na shigar a rajista, na kai wa Madam.

Ta daɗe tana kallon takardar. Kamasho dai muna samu ko an saya ko an sayar, don haka ba nan damuwarta take ba. Hedkwata tana auna kowane reshe da yawan jarin da ke hannunsa, kuma ga sabon tayi tafe, an ɗora mana adadin da sai mun kai. Ta san in labari ya shiga kasuwa cewa Baba Fidelis ya fita, mutum goma za su biyo shi kafin Juma'a. Bayan wannan kuma, har zuciyarta ta yarda farashi zai ci gaba da hawa, don ita ma duk abin da ta mallaka yana ciki.

"Sani, ajiye ta zuwa gobe. Zan yi masa magana."

"Madam, na riga na buga hatimi."

"Na gani. Ai ban ce ka yaga ba. Tsohon nan zai jefar da riba saboda ƙwallo ɗaya da bai gani ba. Bari in taimake shi."

Na saka takardar a durowata na kulle.

Da yamma ta kira shi. Ya saurare ta har ta gama, ya yi godiya, ya ce yana nan kan bakansa. Ba ta gaya masa takardar tana nan ba. Ta ce mini mu ba shi zuwa Juma'a, in an sayar da tsada fiye da ranar da ya sa hannu, shi da kansa zai zo ya gode mana.

A wannan satin farashi ya ɗan sauka. Kowa ya ce hutawa kasuwa take yi. A nan muka shiga tarko. In muka tura takardar yanzu, Baba zai samu ƙasa da abin da ya kamata ya samu, kuma zai tambayi dalili. Sai muka ce mu jira farashi ya koma inda yake, mu tura, ba wanda zai sani. Kullum da safe nakan buɗe jarida da wannan fata, kullum in tarar an ƙara sauka. Kuma tunda nawa kuɗin na cikin irin waɗannan hannayen jari, ni ma ba na son in yarda da abin da idona ke gani.

Cikin sati na biyu ya leƙo ya tambayi cek ɗinsa. Na dube shi na ce Legas ce ba ta turo ba tukuna. Ya ce ba komai, ya san halin Legas. Ya tsaya muka yi hirar wasan da za a buga ranar Asabar, ya sauka yana fito. Wannan ƙaryar tawa ce ni kaɗai, ba wanda ya sa ni.

Ranar Asabar ta sati na uku Madam ta aike ni Muchia in karɓo fom daga wajen wata mata. Hanya ta bi da ni ta ƙofar gidan Baba. Daga nesa na hango kafintoci biyu a sama suna buga sababbin katakai, tsohon kwano kuma an tara shi a gefen bango. Ɗaki uku a buɗe suna kallon sama. An tattara iyali da kaya a ɗaki guda da ya rage da rufi, sauran tarkace an jera a tsakar gida. Shi kuma yana zaune ƙarƙashin bishiyar mangwaro, kiɗa na tashi daga wata tsohuwar amfilifaya, yana buga ƙafa a ƙasa.

"A'a, Malam Sani! Cek ne ka kawo da kanka?" Ya jawo mini kujera. Ya ce kafinta ya duba ya ga katakan sun ruɓe, sai suka ga gara a fara aiki, da cek ya iso a sayo kwano a buga cikin kwana biyu.

Na kasa zama. Na ce, "Baba, ba a sayar ba. Takardarka tana durowata."

Ya miƙa hannu ya kashe kiɗan. Sai ƙarar guduma kawai daga sama.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka sa hannu."

"Ranar da na zo ka ce mini Legas fa?"

"Ƙarya na yi maka."

Bai ɗaga murya ba. Ya ɗaga kai ya dubi katakan, ya dubi gabas inda hadari kan taso, sannan ya tambaye ni ko Madam ce ta sa. Na ce ita ta ce a ajiye, amma makullin durowar a aljihuna yake. Ya ce in je in gama aikena, za mu haɗu Litinin.

Ƙarfe takwas na safiyar Litinin yana ofis. Na fito da takardar na ajiye a teburin Madam a gabansa. Abin da zan faɗa a kanta har kullum shi ne ba ta yi musu ba, ba ta kuma jingina laifin a kaina ba. Ta ce, "Baba, ni na hana. Na ɗauka na fi ka sanin abin da ya dace da kuɗinka." Nan take ta sa hannu aka tura. Sannan ta rubuta wa hedkwata rahoto da hannunta, ta haɗa da kwafin takardar mai hatimi da shafin rajista.

Sayarwar ma ba ta zo da sauƙi ba, don a lokacin masu son sayarwa sun fi masu saye yawa. Sai da aka yi fiye da sati ana sayar da nasa gutsi-gutsi, abin da ya fito kuma ya gaza na ranar da ya sa hannu da rata mai yawa. Hedkwata ta turo jami'in bincike, ya yi kwana biyu yana duba rajista, ya yi wa kowannenmu tambayoyi shi kaɗai. Tunda hatimi da lokaci suna kan takardar, kamfani ya amince zai cika wa Baba bambancin, amma sai ƙarshen watan Mayu cikon ya fito. Ni aka ba ni takardar tuhuma, aka riƙe ƙarin girmana na shekara guda. Madam aka sauke ta daga shugabancin reshe.

Ruwa bai jira ko ɗaya daga cikin wannan ba. Kafin cek na farko ya iso, wata rana da la'asar cikin watan Afrilu, iska ta taso ta yaye tampol ɗin da aka lulluɓe kaya da shi, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Silin ɗakunan ya jiƙe ya zubo. Amfilifayar ta sha ruwa, haka ma akwatin kaset da faya-fayan da ya tara tun yana saurayi, ciki har da kaset guda da aka naɗi wasan ƙungiyarsu. An gama rufin daga baya, da kwano mai kyau. Kaset ɗin kuwa ba inda za a samo wani.

Da aka yi albashin watan Yuni na sa wani abu a ambulan na je shagonsa. Na same shi yana gyaran wata talabijin. Na ce ga wannan, ko zai rage masa kuɗin wata amfilifayar. Ya tura mini ambulan ɗin da bayan sukudireba.

"Mayar aljihunka, kai ma kasuwa ta cinye naka. Ba kuɗina ka ɗauka ba, Sani, kamfani ya biya ni. Sati uku ka ɗauka. Kana da shi a ambulan?"

Na ce ba ni da shi. Ya ce to in zauna in riƙe masa fitila, idonsa ba ya ganin ƙananan wayoyin nan. Na riƙe har ya gama. Bai sake tayar da maganar ba, bai kuma sake buɗe asusu a wajenmu ba.

Nawa hannun jarin na riƙe shi ina jiran ya farfaɗo har ya zama ba a bakin komai ba, filin kuma sai bayan shekara biyar na saya. A 2009 aka rufe reshen PZ, na koma wani wuri, inda nake har yanzu ina horar da irinku sababbin ɗauka.

Abin da nake so ku ɗauka daga wannan ba wai Baba Fidelis ya hango faɗuwar kasuwa ba ne. Bai hango komai ba, shi dai ya san iyakar abin da yake so da ranar da yake son sa. Da farashi ya ci gaba da hawa, da mun tura takardar mun karɓi godiya, kuma da laifinmu yana nan daidai yadda yake. A aikin nan mafi yawan ɓarnar da na gani ba ɓarayi suka yi ta ba. Mutanen kirki ne irin Madam da suka tabbata sun fi mai kuɗi sanin kuɗinsa, da ƙananan ma'aikata irina da suka ga ba daidai ba suka yi shiru. Kana iya ba mutum shawara sau ɗaya, a fili, ka gaya masa duk abin da ka sani. In ya saurara ya ce a'a ya sa hannu, magana ta ƙare. Kai takarda kawai kake gani a tebur, ba ka san abin da ya riga ya kwance a gidansa saboda ya amince da kai ba. Ka buga hatimi ka tura kafin ka tashi cin abincin rana.