Kwanar Da Ba Mu Sa A Taswira Ba

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Damagaram, ni da abokin tafiyata mai tabarau, kowa da jakarsa a baya da salula cike da caji. Ni malamin makaranta ne, labarin ƙasa nake koyarwa, kuma idan an yi hutun damina nakan ba da lokacina ga wata ƙungiya ta masu zana taswira kyauta. Taswirar a buɗe take. Kowa na iya sa hannu ya ƙara titi ko rijiya, kowa kuma a duniya na iya dubawa ba sai ya nemi izini ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi ne suka kira mu mu taya su aiki, don ruwa na cin unguwanni bana, motar asibiti kuma na yawo a lunguna tana neman gidan mara lafiya.

Hanya ta yi mana kyau, ban da inda ruwa ya ɓare bakin kwalta. Gero ya yi kore shar dama da hagu, har mutum ya ji yunwa ta ragu da kallo kawai. A kowane shinge sai jandarma ya leƙo ya karɓi katin shaida, ya dubi hoto ya dubi mai hoto, ni kuwa hotona tun ina da gashi aka ɗauke shi, don haka kullum ni ake daɗewa a kai. A Tasawa muka sauka muka sayi tsire. Mai naman ya rantse mana cewa tun da aka fara rikicin iyaka komai ya hau, har tsinken da yake soke naman. Na ce masa to ya rage tsinke ya ƙara nama, ya ce in dawo idan an shirya da maƙwabta.

Maraɗi ba ta barin baƙo ya huta. Muna sauka 'yan kabu-kabu suka yi mana caa, kowa na jan jaka. Mai masaukinmu, wanda ke gyaran salula a Sabon Gari, shi ya ƙwace mu ya zuba mu a adaidaita. Shagonsa ɗan ƙarami ne, cike da wayoyin mutane a buɗe kamar kajin da aka fige, amma na lura da abu guda da ya burge ni: duk wayar da aka kawo, sai ya sa mai ita ya cire katin hotunansa ya tafi da abinsa. A unguwar Zariya ya sauke mu, gidan yayansa, inda aka tarbe mu da dambu da zogale har na kwance bel.

Bayan la'asar muka zauna a fadar samarin unguwar, ana dafa shayi ana gardama. Masu goyon bayan sojoji na gefe, masu kukan rufe iyaka na gefe, ga wani ɗan kasuwa da kayansa suka maƙale a ƙetare yana zagin kowa da kowa ba bambanci. Daga nan magana ta gangaro kan tamu ƙungiyar, don a dandalinta na duniya ma wuta ake yi. Wasu na cewa a rufe taswirar wuraren da ake yaƙi kada a yi amfani da ita a jefa bam, wasu na cewa a kori duk mai ba da gudummawa daga ƙasar da ta far wa maƙwabciyarta, wasu kuma sun kafe cewa ilimi ba shi da ɓangare. Mai tabarau na cikin na ƙarshen nan, kuma da ƙarfinsa. A ganinsa ɓoye-ɓoye aikin masu mulki ne, talaka bai taɓa cin ribar duhu ba. Ni na ce buɗewa na da kyau, amma ko gidan da ya fi kowane karɓar baƙi yana da zaure, kuma ba kowa ke wuce shi ba. Ya ce ni dai tsoro ne ya tsufa da ni.

Mai masaukinmu ya ajiye kofin shayinsa. Ya ɗauko salularsa ya buɗe shafin mai tabarau a taswirar, wanda da sunansa na yanka yake aiki, ya nuna wa jama'a sawun tafiye-tafiyen da shi mai tabarau ya ɗora da kansa. Duk sun taso daga ƙofa guda a Damagaram, kuma da yawansu sun ƙare a wata ƙofa guda a wata unguwa, ranar Juma'a da yamma.

"Mushe," ya ce da ni, don haka ake kiran malamin makaranta a wajenmu, "wagga ƙohwa ta biyu, asibiti ce ko makaranta?"

Fada ta fashe da dariya. Mai tabarau ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ce shi ba shi da abin ɓoyewa, auren ma an kusa sa rana. Na ce Allah ya sa alheri, amma yarinyar an tambaye ta kafin a nuna wa duniya ƙofar gidan ubanta? Shayi kawai ya ƙara.

Washegari muka nufi Tsibiri. Muna fita su kuma suna shigowa, babura da kekuna jere, masu zuwa aiki Maraɗi su koma gona da yamma. Garin a natse yake, ga gero har bakin gidaje. A nan na ƙara tabbatar da abin da kowa ya sani amma ba mu cika lura ba: mu lungunanmu ba su da suna, kwatance gare su. Ka tambayi mutum sunan wannan hanya, sai ya ce ai ita ce ta bayan gidan wane, ko ta bakin rijiyar su wance. Mai tabarau kuwa duk abin da aka faɗa masa haka yake rubutawa, wai sunan da mutane suka sani shi ne zai amfani direban motar asibiti. A nan gaskiyarsa ce, ban musa ba. Mun sha fura mai sanyi a bakin kasuwa, wadda ta fi ta garinmu kauri, ko da yake ba zan maimaita wannan a gida ba.

Jiratawa ce ta ƙarshe, kudu da Maraɗi, kan hanyar da ke gangarawa wajen iyaka. Garin lambu ne da tukwane. Ganye ko'ina, ƙasa jiƙe, ga tuluna da randuna jere a gaban gidaje suna shan iska. Abu ɗaya ya ɓata mana rai tun safe, rezo, wato sabis ɗin waya. Sanda guda ce take leƙowa ta koma. Manhajar mai tabarau kuwa irin wadda ke tura aiki da kanta ce da zarar ta sami rezo, shi ya sa yake ta ɗaga waya sama yana tsaki.

Mahaifiyar mai masaukinmu 'yar garin ce, don haka duk inda muka bi ana gaishe shi da sunan yarinta. Wata tsohuwa mai gina tukwane ce ya tambaya sunan mahaɗar da ke gaba, inda hanyar lambu ta haɗu da ta asibiti. Ta dube shi, ta dube mu, ta rage murya ta ce masa Kwanar Mai Shanu. Mai tabarau ya rubuta, suka yi gaba. Ni na tsaya cinikin wani ɗan tulu da uwargida ta yi mini kashedi kada in dawo babu shi.

Da na gama sai na nemi mutanena na rasa. Na tarar da wasu magidanta a gindin bango, na yi sallama, muka gaisa sosai, na ce don Allah ina ne Kwanar Mai Shanu. Suka dubi juna. Ɗaya ya ce shi tun da aka haife shi bai taɓa jin wannan suna ba. Na gaba ya ce ko dai Madarunfa nake nufi. Na tambayi mai shago, ya ce nan garin kowa akuya gare shi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ina rungume da tulu, gumi na zuba, ina cewa a zuciyata wane irin gari ne wannan da ba a nuna wa baƙo hanya. Ƙarshe dai tsamiyar da na hango daga nesa na bi, na same su a ƙofar wani gida, zaune kan tabarma a zaure da wani dattijo.

Dattijon siriri ne, fari tas a gemu, hannunsa na hagu ba ya miƙewa daidai. Shi ya kira su da ya ga suna nuna ƙofarsa da waya. Mai tabarau na cikin yi masa bayani da fara'a, cewa yanzu sunan kwanar zai hau taswira, ko daga Makka mutum ya duba zai gan shi.

"Wane suna kunka sa, ɗiyana?"

"Kwanar Mai Shanu, Baba."

Dattijon ya gyara zama. Sa'an nan ya ba mu labarinsa, ba tare da ya ɗaga murya ba. Shi ba ɗan Jiratawa ba ne. Ƙauyensu na can bakin iyaka, kuma a can 'yan bindiga suka ɗauke shi suka shiga daji da shi, sai da iyalinsa suka sayar da mafi yawan garken kafin a sako shi. Hannun nan a can aka karya. Da ya fito ya kwashe iyali ya dawo nan, amma sunan ya biyo shi, ko da yake abin da ya rage na shanun bai taka kara ya karya ba. Kuma an aiko masa cewa ba a gama da shi ba.

"Ba wanda yas sai da ni," ya ce. "Tambaya sunka yi a kasuwa, wani bawan Allah yak kwatanta musu gidana, shina ganin baƙina ne. Mutanen garin ga sun san haka. In baƙo yat tambaya, sai sun dubi huskatai tukuna. To ita taswirar taku, tana duban huska?"

Sai a lokacin na gane magidantan nan na gindin bango. Kunya ta kama ni, tare da wani irin son su da ban san lokacin da ya shige ni ba. Amma ba lokacin tunani ba ne, don na tuna manhajar nan mai tura aiki da kanta. A taswirarmu kuma abin da ya riga ya hau, ko an goge shi yana nan a tarihin gyara, mai nema zai tono. Na ajiye tulu na fizge wayar daga hannun mai tabarau na kashe mata rezo gaba ɗaya. Muka haɗa kai mu uku a kan allon. Aikin safiyar duka na nan jibge, ko ɗaya bai tafi ba. Rezon da muka wuni muna zagi shi ya rufa mana asiri.

Mai tabarau da kansa ya goge sunan. Ya tambayi dattijon me za a rubuta, don mahaɗar dole ta hau, ta nan motar asibiti ke bi. Dattijon ya nuna waje da haɓa ya ce ga tsamiya nan, ita ba ta da abin da za a ɗauka. Haka aka sa, Kwanar Tsamiya. Bai bar mu mun tashi ba sai da aka kawo tuwon gero da miyar kuɓewa, ya kuma sa mini albarka har da tulun.

Daga nan muka kama hanyar Maraɗi. Da muka isa sai mai tabarau ya zauna a shagon Sabon Gari ya bi aikin Tsibiri ɗaya bayan ɗaya, duk inda sunan mutum yake ya mai da shi rijiya ko masallaci ko itace, ya kuma rubuta wa masu kula da taswirar yana roƙon a ɓoye tsofaffin. Har yanzu yana nan kan bakansa cewa ilimi na kowa ne, ni ma ban ce ba haka ba. Amma ya sauya sunan shafinsa, ya sauke sawun ranar Juma'a.

Mun iso Damagaram da yamma, tulu lafiya lau, ni ne dai duk gaɓoɓina suka yi tsami. Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma na riƙe shi da kyau. Hanya ta kowa ce, rijiya ta kowa ce, a zana su kowa ya gani. Ƙofar mutum kuwa tasa ce, kuma masu gardamar yaƙi a dandalin duniya da za su zauna a zauren nan ko na ɗan lokaci, da sun rage ihu. Na rubuta wa ƙungiyarmu shawara cewa kada a ƙara sa sunan mai rai a kan lungu sai da yardarsa, kuma zan tsaya a kanta ko za a kira ni matsoraci.

Bayan na ci abinci na buɗe taswirar na jawo Jiratawa. Ga hanyar lambu, ga ta asibiti, ga ɗan alamar itace a inda suka haɗu. Motar asibiti za ta gane hanya. Wanda kuma yake neman dattijon, sai ya je da ƙafarsa ya yi sallama a gindin bangon nan, su dubi fuskarsa.