Kyamarar da Na Kai Ƙauyen Baba

Shekarar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da mahaifina, ni kaɗai ne babba a gidanmu na Unguwar Sarki. Yayata tana aure a Mando. Ni kuwa ina koyarwa a wata firamare, da albashin da ba ya kai mu ƙarshen wata sai an yi dabara. Baba tsohon direban babbar mota ne. Tun yana saurayi ya baro ƙauyensu a ƙasar Katsina, amma bai taɓa yin shekara bai leƙa ba. Da ciwon ya zo, tafiya ta yanke. Likita ya ce ko zaman mota zuwa Zariya jikinsa ba zai ɗauka ba.

Wata Laraba da la'asar ina matsa masa ƙafa, ya yi magana. Harshensa ya yi nauyi a lokacin, sai mutum ya sunkuya ya kasa kunne.

Ya ce, "Ka je gida ka ɗauko mini su."

Na ce, "Su wa, Baba?" Na zaci Baffa yake so a kawo, wansa, wanda shi ma tsufa ya zaunar.

"A hoto. Yayana, da zauren gidanmu, da gonar. In gani."

Da na fito tsakar gida, Umma ta biyo ni har bakin rariya. Ta rage murya ta ce, "Kada ka ja abin nan da nisa. Ni nake kwana da shi, na san yadda yake." A ranar ta aika wa wani tsohon abokin aikin Baba, direba, wanda zai yi Katsina ranar Asabar, ya ce zai sauke ni a mararrabar ƙauyen.

A wancan lokaci wayar hannu ba ta fara ɗaukar hoto ba. In ɗauki mai hoto daga Kaduna, in biya masa mota da abinci da ladan aiki, ya fi ƙarfina. A ƙauyen kuma mai hoto sai da salla yake zuwa. Abin da ya rage shi ne in sayi kyamara, ni da ban taɓa riƙe ta ba sai dai a tsayar da ni a gabanta.

Akwai wani mai shagon hoto a bakin titinmu, dattijo ne, shi ya ɗauki hoton sunan kusan duk yaran layin. Na same shi yana yanka hotunan fasfo da almakashi. Da ya ji bayanina ya ajiye almakashin.

Ya ce, "Sabuwa mai kyau ba za ka iya ba, gwanjo za ka nema. Kada ido ya ja ka ga mai jawo nesa kusa, injin cikinta ne ke fara mutuwa. Ka nemi mai cin ƙananan batir irin na agogon bango, ko a ƙauye za ka samu. Ka buɗe bayanta, ka ɗaga ta sama ga haske, ka danna, ka ga ko idonta yana buɗewa ya rufe. Sannan kada ka tafi da ita sai ka gwada da fim an wanke ka gani. Kyamara takan yi ƙara mai daɗi, ciki babu komai."

Washegari da aka tashi daga makaranta na wuce babbar kasuwa, layin masu kayan lantarki na gwanjo. Na zaga shaguna da dama kafin na tsaya a wani ɗan ƙunci, inda rediyoyi da dutsen guga suke jibge har rufi. Mai shagon, wani siriri mai saurin magana, ya jawo kwali daga ƙarƙashin benci ya jera mini kyamarori uku.

Ta farko ruwan azurfa ce, tana sheƙi. Ya danna wani maɓalli, idonta ya miƙo waje da ɗan gurnani, na leƙa na ga fuskar mai shayin da ke can ƙarshen layi kamar in taɓa. Nan take na tuna idanun Baba sun yi rauni, da wannan zan kawo masa fuskar wansa ta cika takarda. Amma batirinta wani gajere ne mai kauri da ban taɓa gani ba, kuɗinta kuma ya haɗiye har na fim da na wankin hoto.

Ta biyu sabuwa ce dal a kwalinta, ga araha. Da na ɗaga ta, ba ta fi gwangwanin kifi da aka cinye nauyi ba. Idonta roba ne.

Ta uku baƙa ce, duk ta karce, rubutun jikinta ya goge. Tana da murfi a gaba da ake turawa gefe. Na zura ta a aljihun kaftanina ta shige ba ta turo ba. Na buɗe bayanta na ɗaga sama kamar yadda aka koya mini, na danna, haske ya ƙifta ya ɓace. Fitilarta kuwa sai ta yi ta kuka siriri kafin ta kawo wuta.

Mai shagon ya ce, "Malam, kai da za ka yi tafiya, ka ɗauki mai azurfar nan. Waccan tsohuwa ce. Jiya ma wani ya taya wannan, yau zai dawo."

Na ce, "In batirinta ya mutu a ƙauye fa?"

"Ba ya mutuwa."

Na daɗe a tsaye, ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu. Mutane suna ture ni suna wucewa. Abin da ke raina shi ne tafiyar nan sau ɗaya ce, in na dawo da farar takarda ban san ko akwai lokacin komawa ba. Daga ƙarshe na ajiye mai azurfar. Muka yi ciniki a kan baƙar, da sharaɗin in na gwada ba ta yi ba, in dawo da ita kafin ya rufe shago ya tafi masallacin Juma'a, ya canza mini. Ya ce kuɗi dai ba ya mayarwa, kuma yadda na ɗauke ta haka zan dawo da ita.

Na sayi fim biyu, ƙarami na gwaji da babba mai hoto talatin da shida na tafiya. Na hau bas zuwa Mando, don in sanar da Yaya tafiyar in kuma gwada a kan 'ya'yanta. Na ɗauke su a tsakar gida, na ɗauke su a ɗaki da fitila, na ɗauki Yaya tana kare fuska da mayafi tana cewa in bari ta canza zane. Kowane ɗauka, kyamarar takan ja fim da kanta, lambar da ke sama ta matsa gaba. Hankalina ya fara kwanciya.

Da na fito neman mota, saura hoto biyu ko uku. Sai na tuna ban gwada nesa ba, gona kuwa daga nesa zan ɗauke ta. Na tsaya a gefen titi na auna wasu dogayen itatuwa da ke bayan wata doguwar katanga. Daidai lokacin wani jirgi ya sauko ƙasa-ƙasa ta samansu. Na danna.

Ban gama sauke hannu ba na ji an ce, "Kai, tsaya nan."

Mutum biyu ne cikin kaki, ɗaya da bindiga a kafaɗa. Sai a sannan na gane katangar ta wace ce. Duk ɗan Kaduna ya san akwai sansanin sojan sama a Mando, ni ma na sani, amma idona yana cikin ɗan ramin kyamara, itatuwa kawai nake gani.

Suka karɓe ta, suka sa ni gaba zuwa wata rumfa mai benci a bakin hanya. Masu sayar da rake da ke wurin duk suka kau da kai. Babbansu yana zaune, mutum ne mai furfura a gefen kai, Hausarsa tana fita sarai. Ya juya kyamarar a hannunsa ya tambaye ni wa ya aiko ni. Na ce babu kowa. Ya tambayi aikina, na miƙa masa katin makaranta. Ya sake tambaya wa ya aiko ni. Na faɗa masa komai, da ciwon Baba, da ƙauyen, da motar Asabar. Ina magana ina jin yadda labarin yake kama da ƙarya a kunnena.

Ya mayar mini da katina. Can ya ce, "Malam, ka san nan ba a ɗaukar hoto. Abu biyu ne. Ko ka bar ta a nan sai Litinin manya su duba, ko a cire fim ɗin yanzu a gabanka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a cire."

Murfin bayan ya cije, domin fim ɗin bai naɗe ba. Mai bindigar ya sa tsinin mukulli ya ɓamɓare shi, na ji wani ɗan ƙas. Ya zaro fim ɗin ya warware shi a rana, dogo, ruwan ƙasa, da 'ya'yan Yaya da komai. Babban ya miƙo mini kyamarar ya ce, "Allah ya ba mahaifinka lafiya. Kada in sake ganinka da ita a nan."

A cikin bas na rufe murfin. Ya rufu, amma da na danna shi da yatsa sai ya yi motsi. Wani ɗan haƙorin roba da ke riƙe shi ya guntule.

Ban faɗa wa Umma ba. Da safe kafin in wuce makaranta na kai wa mai shagon hoto. Ya sa tabarau ya daɗe yana duba bakin murfin.

Ya ce, "Wanda ya sayar maka ba zai karɓa ba, kada ma ka wahalar da kanka. Gwaji kuma ya wuce, masu wankin mai kala ba za su ba mu yau ba."

Na ce, "To tana ɗauka ko ba ta ɗauka?"

"Allah ne ya sani. In haske ya sami hanya ta nan, zai ƙone fim ɗin. Ko kaɗan, ko duka."

Ya shiga ɗan ɗakinsa mai duhu ya saka babban fim ɗin da kansa. Ya fito ya naɗe bakin murfin kaf da baƙin salatif irin na masu gyaran wuta, ya ninka. Ya ce in riƙa ajiye ta a aljihu, in fito da ita sai lokacin ɗauka kawai, kuma in na gama kada in buɗe, in kawo masa ita yadda take.

Haka na tafi. Baffa ya ƙi a ɗauke shi a zaune, ya sa aka ɗauko masa farar rigarsa ta Juma'a, ya tsaya a ƙofar zaure ya dafa sanda. Na matsa kusa da shi har ya ce, "Kai ɗan nan, cikin hancina za ka shiga?" Na ɗauki zauren, da rumbuna, da matan gida, da gonar dawa ta fara kai. Zafin rana yana sa salatif ɗin yana saki a kusurwa, ni kuma ina ta danne shi da babban yatsa. Duk wanda na ɗauka sai ya ce a gaida Baba, ya ce yaushe za a ga hoton, ni kuwa in ce in sha Allahu.

Na dawo na tarar jikin Baba ya ƙara sauka. Da na shiga gaishe shi bai amsa ba, hannuna kawai ya duba. Na ce hotunan suna wurin wanki. Mai shagon hoto ya kai fim ɗin cikin gari da kansa, aka ce babu wuta, injinsu kuma ya lalace, a dawo. Kullum in na taso daga makaranta sai in fara leƙa shagonsa, ya girgiza kai, sannan in ƙarasa gida ina sauraron ko zan ji kuka daga bakin layi.

Ranar da suka fito, ya miƙo mini ambulan. A nan tsaye na buɗe. Na farko ja ne jawur, babu komai a ciki. Na biyu haka. Na uku rumbu ne rabi, sauran wuta ta cinye. Na ci gaba da zarowa. Daga tsakiya jan ya koma gefe ɗaya, kamar an ɗiga manja a bakin takarda. Sai ga Baffa, da farar rigarsa da sandarsa, fuskarsa tar, har ramin kumatunsa. Gonar ma ta fito, ko da yake sararin samanta ja ne.

Muka tayar da Baba muka jingina shi da matashi, ni da Umma. Na riƙa sa masa ɗaya bayan ɗaya a hannunsa mai lafiya. Da ya zo kan na Baffa ya kai shi dab da ido, ya daɗe.

Ya ce, "Ya tsufa."

Umma ta ce, "Kai ma ai ka tsufa, Malam."

Gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga. Ya tambayi wa ya sare bishiyar ƙiryar da ke bayan zaure, na ce ban sani ba, ban ma san an taɓa yin ta ba. Ya nuna wata tsohuwa a gefen hoton mata ya gaya wa Umma ko wace ce, suka shiga lissafin dangi, shi yana faɗa da ƙyar, ita tana ƙarasa masa. Na tattara waɗanda suka ƙone zan fitar, ya ce in bar su, shi yana gane abin da ke ciki.

Sai da aka kira magariba ya sake su. Ya ware biyu, na Baffa da na matan gida, ya ce in na sami hanya in kai musu. Ban sami hanyar ba sai bayan kaka, ranar da muka raka Umma ƙauyen don karɓar gaisuwar rasuwar Baba.